Buntun Baba Hudu

Duk wanda ya yi aiki a kamfaninmu na roba a Challawa ya san ba a gaisawa da Baba Hudu maigadi a tafi da hannu mai tsabta. Ka iso get da safe ka yi sallama, zai amsa maka da baki daga cikin ɗakin gadi, amma hannu sai ka jira. Sai ya tura manuninsa cikin ƙasar jarkar farko har gaɓa ta biyu, ya zaro, ya shinshina, ya matsa ta gaba. Jarka goma sha ɗaya! Sai ya gama da su kaf sannan ya fito ya miƙo maka hannun nan da laka, yana wani murmushi kamar ya ba ka kyauta. Ni dai shekara goma sha huɗu ina goge yatsan tsohon nan a jikin wandona.

Ku tsofaffin ma'aikata kun ce ni zan rubuta wani abu a kansa, tunda ni ne abokin faɗansa. To ni ba marubuci ba ne. A aji biyu na sakandare na tsaya, kuma hannun rubutun ma injin niƙa roba ya cinye masa manuni, shi ya sa kuke ce mini Lawan Tara. Wanda ya ga kuskure ya gyara a ransa, kada ya kira ni a waya.

Saboda waɗanda suka zo daga baya, bari in faɗi yadda jarkokin suke. Tsohuwar jarka yake samu ya wanke ta tas, ya yanka ta gida biyu. Rabin ƙasa ya zuba ruwa. Rabin sama ya kifa shi a kai, baki yana kallon ƙasa, ya zura lagwani na tsumma ta bakin har ya taɓa ruwan, sannan ya cika da ƙasa ya yi shuka. Lagwanin ya riƙa jawo ruwa yana kai wa saiwa, kamar yadda yake jawo kananzir a fitilar ƙwai. A gefe akwai guntun tiyo na ɗura ruwa. Shuka ta sha da kanta, iya ƙishinta. Yakuwa, na'a-na'a, albasa mai lawashi, da ɗan ƙaramin barkonon nan tsidugu mai sa mutum ya tuna zunubansa. Duk a cikin ɗaki. Ya ma cire fallen kwano ɗaya daga rufin ya sa na roba mai haske, ba tare da ya tambayi kowa ba.

Me ya sa a ɗaki? Kun dai san kwatar da ta bi ta bakin get ɗinmu, wadda take ɗauko ruwan majemu. Yau baƙi, gobe shuɗi, jibi wata kala da ba ta da suna. Ko tumfafiya, da take fitowa a kan bola, ba ta yarda ta fito a wurin ba.

Amma abin da da yawanku ba ku sani ba shi ne ƙasar. Ba a bakin hanya ya ɗebo ta ba. Filin da kamfaninmu yake a kai gonar mahaifinsa ce. Ranar da katafila ta zo share wurin, yana saurayi, ya shiga gabanta da buhu biyu ya cika su da ƙasar sama, ya kai gida a kan jaki. Ita yake ta juyawa tun lokacin, yana ƙara mata kashin awaki, yana tankaɗe ta kamar gari. Duk abin da ya rage na gonar gidansu a duniya shi ne cikin jarkokin nan goma sha ɗaya. Sauran yana ƙarƙashin kankare, mu muna taka shi da takalmin aiki.

Akwai wani sabon manaja da aka kawo, ɗan gayu mai ƙamshin turare, ya leƙa ɗakin a satinsa na farko ya ja da baya.

Ya ce, “Malam, wannan ɗakin gadi ne ko gona?”

Baba Hudu ya cire hula ya riƙe a ƙirji, da ladabi kamar gaske. Ya ce, “Gona ce, ranka ya daɗe. Ku ne kuka zo kuka same ta.”

“Ina so a fitar da su kafin gobe.”

“To, ranka ya daɗe. A fara fitar da wanda ya zo daga baya.”

Manajan ya tsaya yana lissafin maganar. Kafin ya gama, tsohon ya kama hannunsa da hannu biyu ya girgiza, laka har kan agogo. Manajan bai kai shekara biyu ba aka canza shi. Jarka ko ɗaya ba ta motsa ba.

Faɗanmu ni da shi a kan abu ɗaya ne, kuma shekara goma sha huɗu ba mu canza batu ba. Buntu. Baba Hudu ba ya barin fuskar ƙasarsa a buɗe. Duk ranar da ba ya aiki sai ya hau kekensa har Sharaɗa, bayan wani injin gyaran shinkafa, ya ciko buhu da buntun shinkafa, ya zo ya shimfiɗa a kan kowace jarka. Ni kuwa ɗan manomi ne daga Jigawa, na san amfanin rufe gindin shuka da ciyawa a fili, inda rana take dukan ƙasa. Amma a ɗaki?

Na ce, “Baba, rana ba ta shigowa sosai, iska ba ta shigowa, ruwa daga ƙasa yake tasowa. Me kuke kare ta daga gare shi?”

Ya ce, “Ƙasar ubana ba za ta zauna tsirara ba.”

“Ai ba amarya ba ce!”

“Ko mutum, Tara, in ana ganin girmansa rufe shi ake yi.”

“In ya mutu ba.”

“Kai da ba ka da yatsan gwaji, ta ina ka san ƙasa? Je ka karɓo shi a wurin injin tukuna, sannan mu yi magana.”

Wallahi da wani ne ya faɗa mini haka da an raba mu. Amma daga bakinsa sai in yi tsaki kawai in zauna in sha shayinsa.

Kuma ina da gaskiyata. A shekarun farko, da damina ta kankama, sai buntun nan ya jiƙe ya yi fumfuna, fari fat kamar gemun tsoho. Wuyan yakuwa ya yi baƙi ya ruɓe. Wasu ƙananan ƙudaje baƙaƙe su taso daga ciki, su cika ɗakin. Ka buɗe baki ka yi hamma, ka haɗiye biyu. Wata rana na ƙirga guda shida suna iyo a kofina, na miƙa masa a gaban hancinsa.

Ya duba ya ce, “Waɗannan ba sa zuwa sai wurin abin da ya fara ruɓewa. Ka binciki kanka.”

Ya gwada ɓawon gyaɗa, ɓeraye suka zo biki. Ya gwada ganyen shayin da mai shayin bakin get ya gama tafasawa, ɗakin ya yi wari kamar tsohon tsumma. Ya koma buntunsa. Daga baya dai na lura ƙudajen sun ragu, har suka ɓace. Na tambaye shi me ya yi musu. Ya ce, “Sun ji kana zaginsu ne suka yi zuciya.” Na yarda da hakan ne? Ban yarda ba. Amma ban bincika ba, kuma wannan sakarcina ne.

Kun tuna Nasiru na sito, wanda ya karanta aikin gona har digiri, ya ƙare yana ɗaukar buhun ƙwayar roba tare da mu, ga mata da 'ya'ya uku? Shi na jawo wata rana ya raba mana gardama. Ya zaro wayarsa ya yi ta shafawa, ya ce masana sun ce irin wannan mazubi mai shayar da kansa, in a cikin ɗaki yake, bai cika buƙatar rufi ba, don ƙasar ba ta bushewa, rufin ma yana iya jawo ƙwari. Na miƙe tsaye ina tafi da hannu ɗaya da rabi.

Baba Hudu ya ce, “Nasiru, ɗakin da wayar take magana, rufinsa na kwano ne?”

“Ba ta faɗa ba, Baba.”

“Ta taɓa wuni a Challawa da bazara?”

“A'a.”

“To ka gaishe ta.”

Sai maganar ruwa, wadda ita ce ba na iya tunawa in yi dariya har ƙarshe. Burtsatsen kamfani kun san shi. In ka bar ruwansa a kofi, bayan ɗan lokaci sai ka ga wani maiƙo yana yawo a sama, ɗanɗanonsa kamar ka tsotsi tsohon kwabo. Baba Hudu bai taɓa zuba wa shukarsa shi ba. Galan biyu yake ɗaurowa a keke daga famfon masallacin unguwarsu, ya ɗura musu ta tiyo da mazurari, ko ɗigo ba ya zuba a ƙasa. In ya gama, shi sai ya ɗauki kofinsa ya nufi burtsatse.

Na ce, “Baba, ku sha na galan mana!”

Ya nuna jarkokin. “Na yara ne.”

“Ku fa?”

“Ni cikina ya saba. Tun suna haƙa ramin nake sha.”

Muka yi dariya a lokacin, ni da direbobin da suke jiran lodi. Bayan shekaru ƙafafunsa suka fara kumbura, har ya yanke bayan takalminsa na gadi ya mayar da shi silifa. Ƙoda, aka ce. Likita bai ce ruwan ne ba. Likita bai ce komai ba. Ni na ce, kuma ba wanda zai hana ni faɗa.

Tsakiyar bazara aka kwantar da shi a asibiti. Ranar da zai tafi ya ƙi shiga a-daidaita-sahu sai da ya zagaya jarkokin da yatsa, yana dafa bango. Sannan ya damƙa mini mukulli.

Ya ce, “Ka cika musu ruwa duk ranar Juma'a, yana kai su wata Juma'ar har da ragi. Na galan, ba na rami ba. Kuma Tara, don girman Allah, kada ka taɓa mini buntu.”

Na ce, “Ku tafi ku warke, Baba, ba abin da zan taɓa.”

Washegari na kwashe shi.

Ba zan yi muku ƙarya ba, kuma ba zan ce shaiɗan ne ba. Ni ne. Shekara goma sha huɗu ana ce mini ban san ƙasa ba, ga dama ta zo hannuna. Na ce zai dawo ya tarar da yakuwarsa ta fi da kyau, in tsaya a bakin ƙofa in ce masa, to Baba, yanzu wa ya san ƙasa? Na sa murfin langa na kankare buntun nan cikin sauri kafin a buga ƙararrawar shiga aiki, na zuba a leda, na cika musu ruwa. Kwana uku ina leƙawa, ganye shar, ƙasa baƙa mai laushi. Har na kira Nasiru ya zo ya gani ya zama shaida.

A rana ta huɗu aka liƙa takarda a get. Babu wuta, babu dizal, kowa ya zauna a gida sai an neme shi. Gadi kuma an ba wani kamfanin tsaro, tunda tsohon yana kwance. Na dawo washegari da galan biyu a bayan mashin ɗin aro, na tarar da wasu ƙattai biyu masu kaki da ban taɓa gani ba.

Na ce, “Ruwa zan zuba wa shuka, minti biyar.”

Ɗaya ya ce, “Oga ya ce ba shiga.”

“To ku karɓa ku zuba, ga tiyo nan a gefen kowace jarka.”

“Mu ba aikinmu ba ne ban ruwa.”

Na yi magiya, na yi zagi, na sake magiya. Sau uku ina zuwa. Na riƙa lallashin kaina da cewa ai ya ce ruwan yana kai mako har da ragi. Abin da ban lissafa ba shi ne, wannan lissafin na ƙasa mai rufi ne. Ɗakin gadi da bazara, ƙofa a rufe, kwano a sama, tanda ce. Ƙasar da take a buɗe zafi yana zuƙe ruwanta ta sama, lagwani yana ta jawo wani daga ƙasa yana miƙa masa, har ruwan gindin jarkar ya ƙare.

Kwana tara aka kira mu aiki. Ban ko sa hannu a rajista ba na faɗa ɗakin. An share shi tas. Benci, tabarma, waya a jikin caji. A lungu ga jarkoki an jera wata cikin wata, babu komai a ciki.

Na ce, “Ina shukar?”

“Ta bushe ƙaraf. Oga ya leƙo ya ce a kwashe sharar.”

“Ƙasar fa? Ƙasar da take ciki?”

Ya nuna mini kwata da haɓa.

Na je na tsaya a bakinta. Ranar shuɗi ne ruwan. Ba abin da ake gani sai kumfa da leda. Gonar da ta tsere wa katafila, ta yi shekaru arba'in da wani abu tana ɓuya, ni Lawan na miƙa ta ga kwatar majema da murfin langa.

Ina tsaye mai gadin ya kira ni. Ya ce, “Malam, akwai ɗaya a bayan ƙofa. Ita koriya ce, shi ya sa muka bar ta, muna ɗan tsinkar barkonon muna cin garau-garau. Da sauran ma koraye ne ai da ba mu zubar ba.”

Na tura ƙofar. Tsidugu ne, ja da kore, yana tsaye abinsa. Buntunsa yana nan a kai. Ranar da nake sauri ƙofa a buɗe take ta ɓoye shi, ban gan shi ba. Na girgiza jarkar, na ji sauran ruwa yana motsi a ƙasa.

Da la'asar na je asibiti. Na tarar da shi ya kumbura har fuska, idanun sun shige ciki. Na gaishe shi, na zauna, na yi ta ba shi labarin dizal da sabbin masu gadi.

Ya ce, “Yaran fa?”

“Lafiya lau, Baba.”

“Buntu yana nan?”

“Yana nan.”

Ya kalle ni. Ya ce, “Tara, shekara goma sha huɗu ban taɓa ambaton buntu ka kasa yin tsaki ba. Yau ba ka yi ba. Nawa suka rage?”

Na ce ɗaya.

“Wacce?”

“Ta bayan ƙofa.”

“Wadda ba ka gani ba.”

Na ce e. Ya fara dariya, dariyar ta juye tari, har matar da take jinyar na gadon kusa ta miƙo ruwa. Da ya lafa ya tambayi ƙasar. Na faɗa masa inda take. Wannan karon bai yi dariya ba. Ya juya fuska bango, ni kuma na zauna ina kallon dungun yatsana, ina jira ya tsine mini in huta.

Can ya ce, ba tare da ya juyo ba, “Matso in faɗa maka wani abu, kuma in ka faɗa wa Nasiru ban yafe ba.”

Na matsa.

“Da damina kwashewa nake yi. Da sanyi ma. Tun shekarar ƙudajen nan. In bar ɗan kaɗan a sama-sama saboda idonka.”

Na ce, “Baba! Shekara nawa kuna...”

“Kana da gaskiya rabin shekara. Ni ma rabi. Sai ka tashi gwada taka a cikin rabina, don kai sakarai ne.”

“To me ya hana ku faɗa mini?”

“In faɗa maka, da wa zan yi musu? Da get?”

Sannan ya yi mini karatun da ya hana ni tsawon shekarun nan. Da bazara a rufe, kaurin yatsa ɗaya, kada a kai buntun jikin wuyan shuka, a bar mata fili ta sha iska. Ruwan farko ya sauka, a kwashe. Kullum a sa yatsa a ƙarƙashi a ji, kada a yarda da ido. Ya kama hannuna na dama ya duba, ya ajiye, ya kama na hagu. Ya ce, “Yi da wannan. Ba shi da wayo, amma yana nan.”

Kwana shida bayan haka ya cika. Nasiru, ka yi haƙuri, kuma Baba ku yafe, na faɗa.

Kun je jana'izar, ba sai na ba ku labari ba. Kamfani bai turo kowa ba, amma ya aiko da ruwan leda buhu biyu wurin zaman makoki. Ruwa mai kyau, garai-garai. Na ce to madalla, ya iso.

Abin da ba ku gani ba shi ne a maƙabarta. Da aka sa shi, aka jera itace, ana kwaɓa ƙasar da za a liƙe ramukan, na zaro ƙullin leda daga aljihu na juye a cikin kwaɓin. Cikin tafi ɗaya ne, daga jarkar bayan ƙofa. Wani dattijo ya riƙe mini hannu ya ce mene ne wannan, kada a kawo mana bidi'a. Na ce ƙasa ce, Malam. Ya murza ya shinshina, ya ce ƙasa ce kuwa, mai kyau ma. Da ita aka liƙe wajen kansa.

Jarkar tana ɗakina a Zawaciki, kusa da taga. Mai ɗakina ta ce ɗaki ɗaya da yara biyar ba wurin gona, na ce mata a fara fitar da wanda ya zo daga baya, ta ce ai jarkar ce ta zo daga baya. Ta dai bar ta. Yanzu bazara ta sake zagayowa, jiya na je Sharaɗa na ciko leda. Kaurin yatsa ɗaya, wuya a buɗe. In kun zo gidana da safe kuka ga na miƙo hagu, ba raini ba ne. Ku karɓa, ku goge a wando.

Allah Ka jiƙan Baba Hudu. Ka yafe masa taurin kansa, Ka yafe mini nawa da ya fi nasa ɓarna. Ka sanyaya masa ƙasar da ta rufe shi, Ka shayar da shi ruwan da ba shi da maiƙo, Ka ba shi gonar da ba mai zuwa ya ce a fitar. Amin.